Shago a Dandalin Murtala ko tebur a ƙofar filin wasa?

Wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada ya aiko da tambaya. Ya ce ya tara naira miliyan 2 daga sana'ar lemon kwalba da ruwan sanyi, kuma wani dillali ya yi masa tayin shago a kusa da wuraren wasanni na Kaduna, amma kuɗin hayar shekara da la'ada za su cinye fiye da rabin jarin. Yana son ya sani ko ya kama.

Malam, Allah ya sa albarka a nema. Shawarata ita ce kada ka biya hayar nan tukuna, domin abin da dillali yake nuna maka shi ne cikar taro a ranar da ake wasa, alhali haya tana ci kullum, ko an yi wasa ko ba a yi ba.

Wuraren nan ba halinsu ɗaya ba. Filin wasa na Ahmadu Bello ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, amma tarihi ba ya kawo ciniki a ranar Talata. Kasuwar filin ƙwallo, har da na Ranchers Bees, ta 'yan sa'o'i ce kafin a take leda da lokacin hutun rabin lokaci, sannan idan kakar wasa ta ƙare ko aka rufe fili domin gyara, mai shago ya koma kallon titi. Gasar ƙwallon doki tana tara masu hannu da shuni, sai dai babbarta sau ɗaya ake yi a shekara, kuma galibi manyan masu abinci ne ke samun wuri a ciki. Wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji kan cika da iyalai a bukukuwan Sallah da Kirsimeti.

Dandalin Murtala, inda aka yi hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, shi ne ya fi kusa da abin da kake nema, saboda tun bayan gyaran da aka yi masa mutane suna zuwa motsa jiki da safe da yamma ba tare da sun jira wani biki ba. Duk da haka, mai gudun safe ruwa kawai yake saye, kuma da yawa daga gida suke zuwa da gorarsu. Cinikin gaske yana bayan La'asar zuwa dare, wato lokacin da za ka buƙaci wuta, kuma a sana'ar kayan sanyi kuɗin man janareta ko na ƙanƙara shi ne yake lashe riba ba tare da mai ita ya lura ba.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka zauna a gaban shagon na tsawon mako biyu, har da ranakun aiki, ka rubuta yawan masu wucewa da abin da suke saye a wurin maƙwabta. Daga nan ka raba kuɗin hayar shekarar zuwa kashi 12, ka ƙara na wuta da albashin yaro da haraji, ka ga katan nawa za ka sayar a wata kafin ka taɓa riba. Ka yi lissafin da watannin da kasuwa take mutuwa: tsakiyar damina, sanyin hunturu da ke rage shan kayan sanyi, da rana a watan azumi.

Idan lissafin ya fita, ka nemi ganin mai shagon ko hukumar da ke kula da wurin da kanka, ka karɓi yarjejeniya a rubuce da rasit, a kuma fayyace abin da zai faru da kuɗinka idan aka rufe wurin. Ka tambaya ko akwai wani kamfanin lemo da aka bai wa damar sayarwa shi kaɗai a ciki.

Kafin nan, ka nemi izinin kafa tebur a ranakun taro, da kuloli biyu na sanyaya kaya da na'urar POS, da kayan da ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu na jarinka ba. Sauran kuɗin su ci gaba da juyawa a shagonka na Tudun Wada har ka ga cinikin wata uku a rubuce.