Amsar Baffa Kan Askin Ruwa da Sabulu

Assalamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya, ya aiki da zaman birni. Saƙonka ya iso ni. Ka ce kuɗin gyaran fuska a shago ya fara yi maka nauyi, ga zaman jira duk ranar da aka ɗauke wuta, ga ƙuraje sun cika maka ƙarƙashin haɓa tun da ka koma amfani da ɗan abin askin nan na roba mai baki uku. Kana so ka koma askin ruwa da sabulu irin na iyaye, har ka ga wata aska mai naɗewa a waya ta shiga ranka. Ka tambaye ni abu biyu: ko abin kunya ne a al'ada wanda bai gaji wanzanci ba ya riƙa yi wa kansa aski, sannan me za ka fara saya tunda aljihun ba nauyi.

Ta farkon ba ta da wuya. Babu kunya ko kaɗan. Abin da al'ada ta keɓe wa wanzami shi ne ɗora aska a jikin wani: askin jariri ranar suna, kaciya, ƙaho, da tsaga a zamanin da ake yin ta. Wannan sana'a ce ta gado, tana da manyanta, garuruwa da dama ma akwai Sarkin Aska, kuma wanda bai gada ba, bai kuma zauna gaban mai ita ya koya ba, ba ya tsoma hannu. Amma fuskarka taka ce. Addini ma kai ya ɗora wa tsaftar jikinka, ka rage gashin baki, ka yanke farce, ka gusar da gashin hammata da na mara, kada ka bari su wuce kwana 40. Maganar gemu kuwa ka san yadda gidanmu yake, in kana da sauran tambaya a kai malaminka ya fi ni. Ni ina magana ne a kan kumatu da wuya da layin saje da kuma kai.

Ka san abin da ya sa kakanninka ba sa yi wa kansu aski? Ba wai an hana su ba ne. Askar ce ba ta zama da kaifi sai a hannun mai kula da ita kullum. In ka taɓa zama ka zuba wa wanzami ido, za ka ga ya shimfiɗa buzunsa, ya kwance zabira, asake suna jere kowace da aikinta, ta kai daban, ta gyaran fuska daban, ta kaciya ba ya haɗa ta da kowace. Kafin ya taɓa ko ɗaya sai ya tsoma hannu a ɗan kwanon ruwa ya jiƙa kan mutum, ya yi ta murzawa da tafin hannu, yana ƙara ruwa, yana hira, har mai gaggawa ya fara ƙosawa. Sai gashi ya yi laushi tuɓus yake ɗauko aska, ya goga ta a fata gaba da baya, ya gwada bakinta, sannan ya danne fatar kai da babban yatsa ya fara ja a gajarce, yana share gashin da ya taru a bayan hannunsa. Rabin askin an gama shi tun kafin ƙarfe ya sauka. Wannan ne abin da nake so ka ɗauka daga wurinsu, jiƙawar da haƙurin da sauƙin hannu.

Don haka askar nan da ka gani, ka bar ta tukuna. Aska ba ita kaɗai take zuwa ba, tana tafe da dutsen washi da fatar gogawa, kuma wasa ta ilimi ne da ake ɗaukar watanni ana koyo. Mai kyau tana da tsada, mai araha ba ta riƙe kaifi, ta maƙera kuma in ka kwana biyu ba ka shafa mata mai ba sai ta yi tsatsa. Askar da ta dakushe ta fi mai kaifi yanka mutum, saboda dole ka danna. Ba na so ka zuba ɗan abin da ke hannunka a kan kayan da za ka jefa ƙasan akwati bayan mako biyu, fuska duk tabo.

Abin da za ka nema shi ne mariƙin reza na ƙarfe, wanda ake murɗe hannunsa kan ya rabu biyu, a kwantar da reza mai baki biyu a tsakiya a sake ɗaurewa. Kada ka ɗauka sabon abu ne. Wani Ba'amurke mai suna King Gillette ne ya fara sayar da irinsa a 1903, ya bazu sosai bayan da aka raba wa sojojin Amurka a yaƙin duniya na farko, daga baya ya iso kantunanmu, mu ma da shi muka tashi. Alherin da ke cikinsa ga talaka shi ne ƙirar rezar ta zama ɗaya a duk duniya. Kowane kamfani ya yi ta za ta shiga mariƙinka, ba wanda zai ɗaure ka da kayansa shi kaɗai kamar yadda masu na roba suke yi. Sau ɗaya za ka sayi mariƙi, ya yi maka shekaru. Ka duba wurin masu kayan kwalliya da kayan aski a babbar kasuwa, kuma kada kyan kwali ya ruɗe ka. Ka sa a ɗaura reza a gabanka, ka ɗaga shi sama ka duba: bakin rezar ya leƙo daidai wa daida ta ɓangarorin biyu? Ya miƙe, bai karkace ba? Hannun yana ɗauruwa tam, ba ya girgiɗi? In haka ne ka biya, ko da shi ne mafi araha a teburin.

Reza kuwa iri-iri ce. Mu Nacet da Tiger muka sani. Yanzu akwai Dorco daga Koriya, akwai Lord daga Masar, akwai Derby daga Turkiyya, da wasunsu. Tun da kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza marar tsatsa a 1962 yawanci suka koma irin wannan ƙarfe, shi ya sa ɗaya take yin aski uku zuwa biyar. Kada ka sayi babban kwali da farko. Ɗauki ƙaramin fakiti iri biyu ko uku ka gwada, domin wadda ta yi wa abokinka daɗi kai tana iya kartar ka. Wadda fatarka ta karɓa, ita za ka saya da yawa, a nan arahar take.

Bari in tsaya a kan ƙurajen nan, don su ne suka fi damuna a saƙonka. Gashinmu na baƙar fata murɗaɗɗe ne, ba ya fitowa a miƙe. Abin aski mai baki da yawa, wanda aka fara da mai reza biyu a jere a 1971, an ƙera shi ne yadda bakin farko zai ɗan jawo gashin, na bayansa ya yanke, sai guntun ya koma ƙarƙashin fata. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne kawai. Gare mu kuwa, guntun nan mai tsini yana tasowa sai ya lanƙwashe ya soki fata ta ciki, jiki ya ɗauke shi baƙon abu, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi, in ya warke ya bar baƙin tabo. Likitoci sun daɗe da sanin wannan, har a rundunar sojan Amurka an sha ba sojoji, galibinsu baƙar fata, takardar likita ta sassauta musu askin fuska saboda shi. Reza ɗaya ba ta jan gashi haka, a saman fata take yanke shi, shi ya sa nake ganin za ka samu sauƙi. Amma ba yau za ka fara ba. Ka bar wurin ya huta mako uku ko huɗu, in gashin ya dame ka ka rage da almakashi. Kada ka tsokane su da allura ko tsinke, kada ka shafa musu man goge haƙori ko wani haɗi da aka ce maka yana ƙone su. In sun fara ruwa, ko ka ga masu tauri suna taruwa a ƙeya, wannan na likitan fata ne, ka je tun da wuri.

Sauran kayan ba su da yawa. Sabulu mai laushi wanda ba ya busar maka da fata, ko sabulun salo in na ainihi ne kuma bai yi maka zafi ba. Kumfar gwangwani asarar kuɗi ce. Buroshi yana da daɗi, yana ɗaga gashi, amma tafin hannunka ya isa har sai ka samu hali. Sai dunƙulen alimun, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba kuma zai yi maka watanni, da ɗan man kaɗanya, da madubi a inda haske yake. Shi ke nan.

Ranar da za ka fara, kafin ka jiƙa fuska ka shafa ta da yatsa ka gane kwanciyar gashinka. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, amma a wuya yakan juya, wani gefe, wani ma sama, kuma kowa da nasa. Inda yatsa ya bi sumul, nan ce kwanciyarsa. Inda ya ji kaushi, ka saɓa masa. Yi askin bayan wanka, ko ka jiƙa tawul da ruwan ɗumi ka ɗora minti biyu zuwa uku. Murza sabulu har ya yi kumfa mai santsi, ba mai iska ba, in ta fara bushewa ka ƙara ruwa. Ɗora kan mariƙin a kumatu hannun yana kallon waje, ka riƙa sauko da hannun a hankali har ka ji bakin reza ya taɓa gashi. A nan za ka tsaya. Kada ka danna, nauyin ƙarfen ya wadatar. Ja kaɗan-kaɗan, bin kwanciyar gashi, kana ɗauraye shi a ruwa. Kada ka kuskura ka ja shi a kwance ta gefe, nan ake yankewa. Wurin maƙogwaro ka janye fatar gefe da yatsa ka aske, maimakon ka bi ta kan ƙashin.

A watan farko bi ɗaya kawai za ka yi. Na san za ka shafa ka ji da saura, zuciya ta ce ka koma ka bi ta baya don ya yi sumul. Kada ka biye mata, wannan komawar ita ce uwar ƙuraje. Haka nan kada ka ja fata da ƙarfi yadda ka ga wanzami yana yi a kai, fatar wuya ba ta son haka. In ka gama ka wanke da ruwan sanyi, ka jiƙa alimun ka shafa, ka ba shi ɗan lokaci ka wanke. Inda ya yi maka raɗaɗi sosai, nan ka danna da yawa, a aski na gaba sai ka sassauta. Sannan ka shafa man kaɗanya ɗan kaɗan, musamman da hunturu. Turare a riga ake fesa shi, ba a fatar da aka aske yanzu ba. Kuma ba kullum ake aski ba, ka riƙa tsallake kwana biyu ko uku.

Da ka ji reza ta fara fizgar gashi, ta gama aiki, kada ka yi mata rowa. Ka samu gwangwanin madara ka tsaga masa baki ka riƙa zura tsofaffin a ciki, in ya cika ka toshe. Yara suna tona shara da hannu, ba na so a ce rezarka ce ta yanki ɗan wani.

Akwai abu ɗaya da ba na sassautawa a kai: rezarka da mariƙinka ba na aro ba ne, ko ga wanda kuke ɗaki ɗaya, ko ga ɗan'uwanka na ciki ɗaya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a kan ƙarfe aƙalla kwana 7, a ɗigon jinin da ido ba ya gani, kuma mai ɗauke da ita sau da yawa bai ma sani ba. Ga ƙanjamau, ga makero da ke bin kayan aski. Goge reza da tsumma ko ɗan haska mata wuta bai isa ba. In wani ya roƙa, ka ciro sabuwa daga fakiti ka ba shi kyauta, ya fi maka sauƙi. In kuma ba a taɓa yi maka gwaji da rigakafin ciwon hantar ba, ka nemi a yi maka.

Askin kai kuwa, in ƙwal kwabo kake so, ka bar wa masu shi. Ba ka ganin ƙeyarka, kuma fatar kai in ta yanke tana zubar da jini sosai. Ka nemi wanzami a kasuwa ko kusa da masallacin Juma'a, ba a rasa su. Da yawa daga cikinsu yanzu suna amfani da askar da ake sa wa rabin reza, ka ce a buɗe sabuwa a gabanka ko ka je da taka, mai hankali ba zai ji haushi ba. Ka gaishe shi da girmamawa, kada ka tsaya ciniki a kan ɗan abin da zai karɓa, don ya fi na shago sauƙi nesa ba kusa ba. In ka zo gida da Sallah kuma ka je ka gai da wanzamin gidanmu, shi ya yi maka askin suna, ya tsufa amma hannunsa bai rawa. Ka zauna ka kalli yadda yake riƙe aska. In har lokacin sha'awarta ba ta sake ka ba, ka faɗa masa, shi ya san maƙerin da ke yin mai kyau, kuma zai nuna maka yadda ake wasa ta.

Bayan mako huɗu ka sanar da ni yadda wuyan ya kasance kafin ka ɗora masa reza. Gwaggonka tana gaishe ka, ka gai da abokan zamanka. Allah ya yi maka albarka.

Baffanka.