Amsa kan cin abinci a tsofaffin kwanukan yumɓu

'Yar uwa da kika tambaya ko ki rinƙa zuba wa iyali abinci a tsofaffin kwanukan yumɓun da kika gada ko ki barsu ado kawai, ni dai na jima ina tara irin kayan nan kuma wallahi ina sonsu har raina, amma masu sheƙin nan ki barsu a kan kanta.

Yumɓun kansa ba shi da laifi, shafen da ke sa su ƙyalli shi ne abin tsoro. Maginan zamanin da, da yawansu da dalma suke haɗa shi don tana sa ya narke ko wutar ba ta yi ƙarfi ba, to irin kayan ƙauyen nan kuwa gashinsu bai cika wuce digiri 1000 zuwa 1100 ba. In abu mai tsami ya zauna a ciki, lemun tsami ko tumatir ko ruwan khal, sai ya jawo dalmar cikin abincin, ba a ji a baki ba a gani a ido, kuma yara da masu ciki ta fi yi wa illa don ƙwaƙwalwa take taɓawa. Ko a Amurka sai 1971 hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta fara sa iyaka a kan wannan, to ina ga kwanon da ya girmi kakanninmu. Kar wani ya ce miki wai a tafasa shi za ta fita, ba ta fita. Akwai ɗan tsinken gwaji da ke canja kala, amma ko bai nuna komai ba kar ki saki jiki, gwajin lab ne kaɗai abin dogaro.

Ki ɗaga kwanon a haske ki duba cikinsa, in kin ga 'yan siraran tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo ko wani fari-fari kamar alli bayan ya bushe, wannan ya gama aikin abinci. Ki ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa, lafiyayye ƙararsa tana fita tar, mai ɓoyayyar tsaga kuma sai ki ji ta dushe.

Wajen ado kuwa ai nan suke haskawa, ni shatin yatsan magini a gindin tulu ya fi min duk wani fenti. In fure za ki sa, ki zura kwalba a ciki ki zuba ruwan a kwalbar, don yumɓun yana tsattsafo zai ɓata miki katako, ki kuma shimfiɗa ɗan ƙyalle a ƙasa. Banda bilic, banda jiƙawa, banda injin wanke-wanke, tsumma mai ɗanshi ya isa. Don Allah kar ki ɗauka ta hannunsa ko ta baki, ki tallafo gindin da hannu biyu. Na cin abinci kuma ki nemi sabo wajen maginin da zai tabbatar miki ba dalma a shafensa.