Tambaya da Amsa: Hitar Duro, Yadda Ake Zaɓenta da Kula da Ita

Da shigowar hunturu, wasiƙun da suka zo wannan fili sun karkata ga matsala guda: mai ko zuma sun daskare a cikin duro, an karkata shi an jijjiga babu abin da ya zubo, aiki kuma ya tsaya cik. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami wuri.

Tambaya, daga wani mai masana'antar sabulu a Kano: Assalamu alaikum. Muna sayen manja da alayyadi a duron ƙarfe mai lita 200. Daga Disamba zuwa Janairu man yakan sandare, sai yarana su ɗora duron a kan duwatsu su hura itace a ƙarƙashinsa. Yanzu ina so in sayi hitar lantarki, mai sayarwa ya nuna mini iri uku, yana kuma matsa mini in ɗauki wadda ta fi yawan wat. Wacce ta dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka yi dabara da ka yanke shawarar barin itace, domin wutar itace ba ta da linzami: gindin duro yana gasuwa har man da ke kwance a kansa ya yi ƙauri ya sauya launi, alhali tsakiyar duron tana nan daskare. Amma shawarar mai sayarwar ma tana iya mayar da kai ga wannan matsalar, sai dai ba tare da hayaƙi ba. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne zafin da man yake bukata da kuma wanda zai iya jurewa. Yawan wat daga baya yake zuwa.

Manja yana narkewa ne a tsakanin digiri 33 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyas, alayyadi kuwa tun kafin a kai digiri 30 ya zama ruwa. Shi ya sa ba ka ganin wannan damuwa a watan Afrilu, sai lokacin da sanyin daren Kano ya sauko ƙasa da digiri 15. Ƙa'idar hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai tsara ƙa'idojin ingancin abinci, kan ajiya da jigilar man girki ta sanya zafin ajiyar manja tsakanin digiri 32 zuwa 40, na zuba shi ko kwashe shi kuma digiri 50 zuwa 55, sannan ta ce kada a ɗaga zafin fiye da digiri 5 a cikin awa 24. Wannan sharaɗi na ƙarshe domin manyan tankuna da jiragen ruwa aka yi shi, ba wanda zai tilasta maka binsa a kan duro ɗaya, amma yana nuna maka cewa masu harkar mai a hankali suke ɗumama shi, kuma ba sa neman zafi mai tsanani.

Iri ukun da aka nuna maka, bisa ga bayaninka, su ne waɗanda aka fi sani. Akwai mai ɗamara, wato faffaɗar igiyar robar silikon da aka saƙa wayar zafi a cikinta, ana zagaya ta a ƙugun duro a maƙale da sifirin. Yawanci tana cin wat 1000 zuwa 1500, kuma tana tara zafinta duka a siririn wuri. Akwai mai riga, wadda ke lulluɓe duron daga sama har ƙasa, tana da shimfiɗar hana zafi fita a bayanta, saboda haka zafinta a baje yake kuma ba ta ɓarnar wuta. Ta uku ita ce ta gindi, faranti ne da ake ɗora duron ƙarfe a kansa, zafi ya riƙa tasowa daga ƙasa. Ga manja da alayyadi, mai riga zan zaɓar maka ko da ta fi tsada, in kuwa aikin ya yi yawa har kana bukatar duro ya narke cikin dare ɗaya, sai ka haɗa ta da ta gindi.

Ga lissafin da zai nuna maka dalili. Duro ɗaya na manja yana da nauyin kusan kilo 180, kuma ɗaga zafinsa daga digiri 15 zuwa 45 yana cin wutar da ta kai kusan yunit 3 a mita, wato aikin awa 3 ga hita mai wat 1000. Wannan a takarda ke nan. A zahiri narkar da daskararren mai yana cin nasa kason dabam, iskar hunturu tana kwashe wani, sannan babban abin shi ne daskararren mai ba ya miƙa zafi da sauri daga bango zuwa tsakiya. Idan ka ninka wat, bangon duron ne zai ninka zafi, tsakiyar ba za ta ninka saurin narkewa ba. Abin da ke faruwa da tukunyar tuwo ke nan idan an cika mata wuta, ƙanzo a gindi, sama kuwa bai nuna ba. Saboda haka ka tsara aikinka ta yadda za a kunna hitar tun yammacin jiya domin man da za a yi aiki da shi yau, a sa ma'aunin daidaita zafinta a wajen digiri 50, a rufe saman duron da murfin hana zafi fita, a kuma ɗaga duron daga kan siminti zuwa kan katako idan ba ta gindi ake amfani da ita ba, domin daɓe mai sanyi yana shanye zafi sosai.

Abu biyu kada yaranka su manta. Na farko, a sassauta ƙaramin murfin duron kafin a kunna, saboda mai da iskar da ke samansa duk suna kumbura idan sun ji zafi, kuma duron da aka toshe yana iya kumbura ko ya feso mai a fuskar wanda ya zo buɗewa. Na biyu, lambar da aka sa a jikin hita zafin bangon duro take aunawa, ba na man da ke tsakiya ba. A sayi dogon ma'aunin zafi na ƙarfe da ake zurawa ta baki, a riƙa juya man da tsaftataccen sanda da zarar gefe ya narke.

Tambaya, daga wata mai sarrafa man kaɗanya da zuma a Bida: Ni a duron roba mai ruwan bula nake ajiye kayana. Maƙwabcina yana da hita mai ɗamara da yake sa wa duron ƙarfe, ya ce zai riƙa ara mini. Ko akwai matsala?

Amsa: Hajiya, ki gode masa, amma kada ki karɓa. Ƙarfe yana kwashe zafin ɗamarar ya baza shi a jikin duro, roba kuwa ba ta yin haka, sai zafin ya taru a daidai inda ɗamarar ta kwanta. Robar da ake yin waɗannan duro-duro da ita, wadda ake kira HDPE, tana narkewa a wajen digiri 130, amma tun kafin nan take laushi, kuma duro mai laushi da ke ɗauke da nauyin kaya zai yi tumbi ko ya tsage. Don haka ne masu ƙera hita suke yin ta roba dabam, mai ƙarancin wat, wadda ba a barinta ta wuce wajen digiri 60. Ki nemi mai riga da aka rubuta a takardarta cewa ta dace da duron roba, ta gindi kuwa ba ta shiga lissafinki ko kaɗan.

Man kaɗanya ba ya bukatar fiye da digiri 45 zuwa 50. Zuma ce mai wuyar sha'ani. A cikin amya ƙudan zuma suna riƙe zafin gidansu a wajen digiri 35, kuma idan aka wuce digiri 40 da ita na tsawon lokaci, ƙamshinta yana raguwa, launinta yana duhu, wani sinadari da ake kira HMF kuma yana ƙaruwa a cikinta. Wannan sinadarin ne masu binciken inganci suke aunawa domin gane zumar da aka gasa ko ta tsufa. Ƙa'idar Codex ta taƙaita shi ga miligiram 40 a kowane kilo, ko 80 ga zumar ƙasashe masu zafi irin namu. Duron zuma mai lita 200 yana dosar kilo 280, saboda haka narkar da shi a digiri 40 aikin kwanaki ne, kuma idan kina da niyyar sayar wa manyan kantuna ko masu fitarwa waje, waɗannan kwanakin sun fi araha a kan a dawo miki da kaya. Ki sayi wadda ma'auninta ya tsaya a digiri 40 domin zuma kaɗai, yadda ko yaro ya murɗa ba za ta wuce ba.

Tambaya, daga wani mai kula da sito a Kaduna: Mun sayi hita mai ɗamara guda biyu. Ɗaya ta mutu ranar da aka fara kunna ta, ɗayar kuma bayan wata biyu ta yi baƙin tabo ta daina zafi. Jabu aka sayar mana, ko mu ne ba mu iya ba?

Amsa: Malam, ka fara duba takardar da ke manne a jikin wadda ta mutu nan take. Hitar da aka yi domin kasuwar Amurka sau da yawa ta bolt 120 ce, wutar Nijeriya kuwa bolt 230 ce, kuma idan aka kusan ninka ƙarfin wuta, zafin da wayar ciki ke fitarwa yana kusan ninkawa sau huɗu, ba sau biyu ba. Babu ɗamarar da za ta jure wannan. Dokar nan tana aiki ta ɗaya ɓangaren ma: ranar da wuta ta zo da rauni ta tsaya a bolt 180, hitar za ta ba da kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na zafinta, mutane su yi ta zargin ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Baƙin tabo kuwa alamar wurin da zafi ya rasa inda zai shiga ne. Yana faruwa idan ɗamarar ta hau kan kanta, ko ta bi ta kan lotsewar duro ko kan zoben da ya taso a jikinsa har iska ta shiga tsakani, ko an kunna ta kafin a ɗaura. Abin da ya fi yawa shi ne kayan cikin duro su ragu su sauka ƙasa da ɗamarar, ta ci gaba da gasa fankon ƙarfe. Wurinta shi ne kashi ɗaya cikin uku na ƙasan duron, ƙasa da zoben farko idan an ƙirgo daga gindi, a kan bango mai santsi da aka goge masa mai da ƙura.

Wajen kula da ita, a cire filogi a bar ta ta huce kafin a kwance, a goge ta da ɗanyen tsumma, kada a wanke ta da fetur ko a tsoma ta a ruwa. A naɗe ta a sassauce ko a rataye ta, domin ninke ta da ƙarfi yana karya wayar ciki, kuma kada a ja ta ta igiyar wuta. Kafin kowane hunturu mai gyaran wuta ya gwada ta da mitarsa ta gwaji, wadda ke auna turjiyar waya da ma'aunin om: mai wat 1000 a bolt 230 ya kamata ta nuna kusan om 53, mai wat 1500 kuma kusan om 35, idan mitar ba ta nuna komai ba waya ta tsinke, kuma ɗamarar da ta tsage ba a yi mata faci da salatif, sauya ta ake yi. Mai wat 1500 tana jan kusan amfiya 6.5 na tsawon sa'o'i ba hutawa, don haka a ba kowace soket ɗinta da waya mai kauri, ba siririyar wayar jone ta kasuwa ba. A haɗa duron ƙarfen da wayar ƙasa, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zuba, mai miliamfiya 30, a layin, saboda duron da wuta ta zubo masa yana iya kashe wanda ya dafa shi. Idan janareta ake amfani da shi, a tara wat ɗin dukan hitocin a tabbatar bai cika masa ciki ba.

Tambaya, daga wani ɗan kwangila a Jos: Zan iya amfani da irin wannan hita a kan duron kwalta, da kuma na fenti mai haɗe da tina?

Amsa: A'a, a duka biyun, amma dalilan sun bambanta. Kwaltar shimfiɗa titi sai ta kai wajen digiri 150 kafin ta yi ruwan da za a yi aiki da ita, kuma wannan aikin tukunyar narkar da kwalta ne, ya fi ƙarfin riga da ɗamarar da muka yi bayani. Fenti mai tina kuwa tururinsa yana kamawa da wuta ko a sanyin Jos, kuma ma'aunin daidaita zafi na hitar gama-gari yana iya yin ɗan tartsatsi duk lokacin da ya kunna ko ya kashe kansa. Irin wannan kaya sai hitar da aka ƙera musamman domin wuraren da ke da haɗarin fashewa, mai ɗauke da shaidar ATEX ta Tarayyar Turai ko ta IECEx ta ƙasa da ƙasa, wadda za ka gane da alamar Ex a jikinta. Ka nemi takardar bayanan haɗari daga kamfanin da ya sayar maka da fentin, ka duba zafin da tururinsa ke kamawa da wuta a kai, ka kai wa mai sayar da hitar wannan lamba kafin ku yi maganar farashi.