Sulen Kaka da dalar kasuwa: amsoshin wannan mako

Wata 'yar'uwa daga Mabera ta rubuto cewa bayan rasuwar kakarsu sun buɗe tsohon akwatinta, suka tarar da ƙunshin tsumma cike da kwabo mai huda, da anini, da 'yan sulalla. Duk sun yi baƙi. Tana tambaya: ta goge su da lemon tsami da toka kafin ta kai wa mai saye?

Allah ya jiƙan Kaka. Amma 'yar'uwa, don Allah ki ajiye lemon tsamin nan. Duhun da kike gani shi ne shaidar shekarunsu, kuma masu tara tsofaffin kuɗi shi suke so su gani. Toka kuwa tana barin ƙananan karce a fuskar ƙarfe. Idonki ba zai kama su ba, amma da mai saye ya karkata kwabon a haske zai san an goge, nan take farashi ya faɗi. Ƙura ce kawai? Ruwa mai tsabta ya isa, ki ɗora a ƙyalle mai laushi ya bushe da kansa.

Darajar sulalla ba a ƙyalli take ba, a yawan abin da hannun mutane ya cinye take. Ki riƙe shi ta gefe da yatsu biyu, ki fita hasken safe. A kwabo mai huda babu kan sarki, don haka ki dubi kambin da ke saman hudar, da rubutun Larabcin da ke ƙasa, da tauraro mai tsini shida a baya. Idan ƙananan adon kambin suna nan ɗaya-ɗaya, kwabon bai sha yawo ba. Idan kambin ya zama dunƙule sumul, ya zaga kasuwanni har ya gaji. A sule kuma, kan sarki za ki duba, da ganyen bishiyar kwakwar manja da ke baya: ana iya ƙirga su, ko sun haɗe?

Ki lura da shekara ma. Sulen farko na Afirka ta Yamma ya fito a 1913, na azurfa ne. Daga 1920 aka koma na tagulla mai ruwan ɗorawa. Wani za ki ga ɗan harafi H ko KN, alamar masana'antar da ta buga shi a Ingila. A Amurka akwai kamfanoni irin PCGS da NGC masu duba lafiyar tsofaffin kuɗi su ba su maki daga 1 zuwa 70, sai dai kuɗin aikawa ya fi ƙarfin kwabon da ya sha jiki.

Wani malami daga Runjin Sambo kuma ya ce an yi masa tallar dala a Tsohuwar Kasuwa, mai hoton mace da shekarar 1780. Mai sayarwa ya rantse ta girmi jihadin Shehu.

Malam, hoton na Mariya Teresa ce, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Bayan mutuwarta aka ci gaba da buga dalar da wannan shekarar ba canji, har zamaninmu, saboda 'yan kasuwa sun amince da ita haka. Ke nan shekarar ba ta gaya maka komai. Mai sayarwar ma wataƙila haka ya ji aka ce.

Ka kai ta wurin maƙerin azurfa ya ɗora a sikeli. Ta gaskiya tana kusan giram 28. In maganaɗisu ya kama ta, ka mayar masa da kayansa. Sannan ka dubi bakinta da kyau: iyayenmu mata sun sha huda dala ko a liƙa mata kunne a yi abin wuya. In akwai huda, ko tabon inda aka cire kunnen, kuɗin azurfarta kawai za ka biya.

Ga mai tambaya kan kwabon 1936 mai sunan Edward na Takwas, sarkin da ya sauka bai cika shekara ba: labarinsa mai daɗi ne, amma an buga shi da yawa. Kada ka ci bashi a kansa.