Kada ku sa sunansa a kan takardar, ƙanena

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena mai tambaya, na ga saƙonka na kasa wuce shi. Ka ce ku masu zane da dukawa da 'yan wasan kwaikwayo kun kafa ƙungiya don ku riƙa tallafa wa juna, wani Alhaji ya ce zai ɗauki nauyin yi muku rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, amma da sharaɗin shi da mutanensa biyu ne za su zama amintattu, wato masu riƙe amanar ƙungiya a hukumance, shi kuma ya riƙe shugabanci. Kana tambaya ko ku yarda. Don Allah kada ku yarda. Mu an yi muna wanga abu a cikin garin nan, har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Namu ba ma attajiri ba ne. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, mai iya Turanci da rubuta takardar neman tallafi. Bai taɓa riƙe basilla ba, bai san warin jima ba, bai taɓa tsayawa cikin rana yana rubuta allon shago ba. Amma in ya buɗe baki a taro sai ka rantse a Madunka, unguwar dukawan Sakkwato, aka yanke masa cibi. Kullum zancensa ɗaya ne, cewa fatar jar akuyar Sakkwato ce ake ratsa Sahara da ita, Turawa su saya su ce ta Maroko ce, lokaci ya yi da duniya za ta san mu. Gaskiya ya faɗa kuwa, shi ya sa dattawa suka saki jiki da shi. Shi ya yi rajista. Shi da surukinsa da wani abokinsa suka zama amintattu. Satifiket yana gidansa, asusun banki lambar wayarsa ce a kai, duk alat ɗin da ya shigo shi kaɗai yake gani. Ni ne sakatare, amma ko da wasa ba a taɓa nuna mini takardar banki ba.

Sai aka zo da maganar baje koli a Abuja. Ya ce a tattaro kaya, mafi kyau, za a sayar a kawo wa kowa kuɗinsa. Ni na bi gida-gida, domin dattawan nan sun san mahaifina, shi kuwa ba za su ba shi ko layar wuya ba. Akwai wani Baba, tsohon baduku, ido ya fara yi masa rauni. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshi cikin tsohon zane, matasan fata ne da jakunkuna da alabe, jimar bagaruwa, rinin karan dafi, ja ƙwarai irin wanda yanzu sai an tona. Yana ɗauko ɗaya yana goge shi da hannun rigarsa kafin ya miƙo mini. Fatar ma bashi ya karɓo wurin majemi. Ya ce, "Ɗana, don kai ni ba da, ba don ƙungiya ba."

Mutumin nan ya tafi ya dawo. Ya ce kasuwa ba ta yi ba, kuɗin rumfa da mota da masauki sun cinye ɗan abin da aka samu. To ina kayan da ba a sayar ba? Ya ce an bar su can wurin wani, za a aiko. Ana nan sai ga hotonsa a Facebook, ya sha babbar riga, yana miƙa wa wani babban mutum matashin fata kyauta. Na san ɗinkin nan, da hannuna na karɓo shi. Kyauta, ƙanena! Da gumin tsoho ya je ya sayi girma.

Ranar da Baba ya zo shagona, jikansa na riƙe da hannunsa, ba zan manta ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya zauna bakin benci, muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ɗana, kayan da anka ɗauka, an saida ko ba a saida ba? Majemi na bi na." Wallahi na rasa bakin magana. Yaran shagona na nan tsaye suna kallo. Da kaɗan-kaɗan na riƙa kai masa abin da ya sawwaƙa daga aljihuna har aka sallami majemi, amma har Allah ya karɓi ransa bai ƙara ba kowa kayansa ba, ko sunan ƙungiya ba ya son ji. Allah shi jiƙan shi. Shi kuwa wancan, da muka taru muka same shi a gida, ko kunya babu, ya ce mu je mu duba sunan wa ke kan takarda. Yana nan yana yawo, har yau ana kiran shi taro ya yi jawabi kan raya al'adu. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Na je banki, suka ce ba ni cikin masu sa hannu, ba su da abin da za su nuna mini. Wani lauya da ya tausaya muna ya ce dokar kamfanoni da ƙungiyoyi, wato CAMA ta 2020, ta hana a kashe kuɗin ƙungiya irin tamu a kan wani abu da ba manufarta ba, kuma a lokacin sashe na 839 ya ba kashi ɗaya cikin biyar na membobi damar kai ƙara kotu a dakatar da amintattu. Sai ya ce mu kawo rajistar membobi. Ita ma tana hannun mutumin. Kuma wane baduku ne zai bar aikinsa ya riƙa zaryar kotu? Ka sani sa amintacce abu ne mai sauƙi, cire shi ne aiki: sai an yi babban taro an zartar, an buga a jarida, an jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sannan CAC ta amince. Wanda ke riƙe da satifiket kuwa ba zai kira taron da za a cire shi ba.

Saboda haka ku yi karo-karo ku biya kuɗin rajistarku da kanku, ko da zai ɗauke ku shekara. Ba gaggawa ake yi ba. Amintattu su fito daga cikinku, mutanen da in ƙungiya ta lalace tuwon gidansu ne zai ragu. Baduku ɗaya, mai zane ɗaya, ɗaya daga 'yan wasa, kuma kada biyu su fito gida ɗaya. Banki a sa mutum uku, sai biyu sun sa hannu kuɗi ya fita, alat kuma ya shiga waya fiye da ɗaya. Banki za su nemi takardar SCUML, sashen hana halatta kuɗin haram na hukumar EFCC, ita ma ku nema da kanku, ku ajiye kwafi wurin mutum uku.

Kuma ku sa mata. Mu ba mu sa ba don mutumin ya ce ba su fitowa taro. (Su ne kuwa masu ɗinkin hula da saƙar faifai, kayansu ne suka fi saurin shiga in an kai kasuwa.) Matan da ke riƙe adashi a unguwanninmu sun fi mu iya lissafi, ku ba ɗaya ma'aji ku gani.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai, duk wannan rigimar ana yin ta ne a kan sana'ar da ke ta raguwa. Fata ta yi tsada, ta saniya ana cinye ta ganda, ta akuya ana lodin ta zuwa Kano, yaran dukawa sun koma kabu-kabu da sayar da kati. Mu masu rubutun allo na'urar buga banar talla ta kwashe muna rabin aiki. Tsoffin da suka iya ainihin aikin suna ƙarewa, a ce kuma ɗan abin da ya rage a ba kura ajiyar shi.

Duk kayan da za su fita baje koli a rubuta su a littafi, sunan mai shi da farashin da ya sa, mai karɓa ya sa hannu, mai kaya ya dangwala. Kuma mai kaya ɗaya ko biyu su bi motar, ko da a ƙasa za su kwana.

Ban ce Alhajinku mugu ba ne, ban san shi ba. Akwai masu taimako don Allah, na ga wanda ya biya wa masu zane hayar ɗaki bai nemi ko a ambaci sunansa ba. Ku je da dattijo ɗaya ku gaishe shi, ku yi godiya, ku ce kun naɗa shi uban ƙungiya, kujerar gaba tasa ce a kowane taro, amma amintattu da banki na masu sana'a ne. Ka lura da fuskarsa in an faɗa. Abin da ya ce ka dawo nan ka gaya muna, kuma kafin ku kai tsarin mulkinku wurin lauya ka turo mini in duba wurin da ya yi maganar wa'adin shugaba da cire amintattu, don namu babu ko layi ɗaya a kan haka.