Amsa kan adana markaɗen tumatir a kwalba

Hajiya, kin tambaya ko markaɗen tumatir zai kai damina a kwalba ba tare da firij ba. Zai kai, matuƙar an dafa kwalbar kanta bayan an cika ta.

Ki zaɓi nunannen tumatir marar ɓaci, ki tafasa markaɗen har ya yi kauri, sannan ki zuba shi da zafinsa a kwalba mai murfin ƙarfe, ki bar sararin faɗin yatsa ɗaya a wuyanta. A kowace lita ki sa ruwan lemon tsami cokali 2 na cin abinci, domin tsamin tumatir kaɗai ba koyaushe yake isa ya hana ƙwayar cutar botulizim ba, kuma gubarta tana iya kisa ba tare da ta sauya warin abincin ba. Saboda haka kada ki haɗa albasa ko tattasai a ciki, suna rage tsamin.

Ki nutsar da kwalaben a tukunya, ruwa ya rufe su, su tafasa minti 50 a Kano, minti 55 a Jos saboda tudu. Bayan sun huce, murfin da ya lotsa ciki ya kama. Wanda ya kumbura daga baya, ki zubar, kada ki ɗanɗana.