Daga Atakama zuwa Uyuni a mota: me tudu zai yi wa jikina?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina karatu a ƙasar Chile, kuma ni da abokaina uku mun shirya tafiyar kwana uku a jif daga San Pedro de Atacama zuwa filin gishirin Uyuni da ke Bolibiya. An ce hanyar tana kan tudu sosai, har mutane kan kwanta ciwo. Ni matashi ne, ina buga ƙwallo, ban jin wani abu zai same ni. Sai dai jinina AS ne. Me za ki ce? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka ajiye maganar ƙwallo gefe guda, domin wannan ciwo, wanda mutanen can ke kira soroche, ba ya duba ƙarfin mutum. Na bi hanyar nan, kuma daren farko har yau yana raina.

San Pedro na kan tsayin mita 2,400 ne. Cikin kamar awa ɗaya mota za ta kai ku iyakar Bolibiya, sama da mita 4,400, ku wuce Sol de Mañana inda ƙasa ke fitar da tururi a wajen mita 4,800, sannan ku kwana kusa da jan tafkin Laguna Colorada, kusan mita 4,300. A nan matsalar take. Shawarar likitocin tafiye-tafiye ita ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya fi na jiya tsayi da sama da mita 500. Ku kuwa za ku ƙara kusan 1,900 a yini ɗaya, kuna zaune a kujera, babu gumi balle gajiyar da za ta gargaɗe ku.

A wannan tsayi iska ta yi shara-shara, duk numfashi ɗaya abin da yake kawo maka na oksijin bai wuce kashi 60 cikin 100 na wanda ake samu a bakin teku ba. Ni da rana lafiya lau nake, har ina ɗaukar hoto. Bayan magariba kaina ya fara sara kamar ana buga guduma, aka kawo abinci na kasa kai loma biyu. Cikin dare na riƙa farkawa firgigit ina neman iska, leɓena ya tsattsage saboda bushewa, ruwan da na bari a mota ya daskare. Haka ciwon yake, yakan jira awa 6 zuwa 12 kafin ya bayyana.

Da zan sake, daga Uyuni zan faro, bayan na yi kwanaki a birnin Sucre na Bolibiya (mita 2,800) sannan a Uyunin kanta (kimanin 3,650). In dole ta San Pedro za ku bi, ku yi kwana uku a can tukuna, kuna hawa wurare masu tsayi da rana kuna dawowa kwana. Ka tambayi likita game da acetazolamide, maganin riga-kafin wannan ciwo. Akan sha miligiram 125 sau biyu a rana, a fara tun ana gobe hawa. Yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, wannan ba abin tsoro ba ne. Ku guji maganin barci. Za a ba ku shayin ganyen koka, yana ɗumama jiki, amma kada ka dogara da shi.

Ciwon kai da tashin zuciya suna nufin kada a ƙara hawa. Amma in ɗayanku yana haki alhali yana zaune, ko tari mai kumfa, ruwa ne ke taruwa a huhu. In yana tangaɗi, ya kasa tafiya a miƙe, ko magana ta rikice masa, ƙwaƙwalwa ce ta kumbura. Waɗannan biyun suna kisa, kuma maganinsu sauka nan take, ko da tsakar dare ne. Abin da ke damuna da wannan hanya shi ne shimfiɗaɗɗen tudu ce, sai an yi awoyi a mota kafin a sami gangare na kirki. Don haka kafin ku biya kuɗi, ku sa direba ya nuna muku tulun oksijin da idonku, ku kuma yi wa juna alkawari babu mai ɓoye ciwo don kunyar ɓata wa sauran tafiya.

Batun AS kuwa, na gode da ka faɗa. Mai SS bai kamata ya je nan ba sam. Mai AS yawanci yakan zauna lafiya, amma an sha samun waɗanda jini ya toshe musu a saifa a kan tudu, musamman da hawan gaggawa, motsa jiki mai tsanani da ƙarancin ruwa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗar hagu. Ka je wurin likita kafin ka yanke shawara, ka faɗa masa tsayin wuraren da lambobinsu. In ya amince, ka sanar da abokanka da direban tun daga San Pedro, ka riƙa shan ruwa a kai a kai, ƙwallon kuma ka bar ta a gida.